Wankan Jegon Yaya Sa'ida

Assalamu alaikum, ku da kuka saba bibiyata da ku da yau kuka fara faɗowa nan. Wayata ta cika da saƙonninku, kowa na tambayar abin da ya ɓoye ni, wasu har da addu'ar Allah ya sa hidimar biki ce. To ba ita ba ce. Ku gyara zama, don yau raina a ɓace yake kuma ba zan sakaya sunan kowa ba.

Sunana Juwairiyya. Ƙauyenmu yana gabas da Ɗambatta, irin garin da gonar wani take ƙarewa a bakin zanan gidan wani, in ka yi tari a ɗakinka maƙwabci ya yi maka sannu. Ɗinki nake yi, hijabai da kayan yara. Mu biyu ne mata a wurin Inna, ni da Yaya Sa'ida. Bara aka aurar da ita ga Sama'ilu, mai kai albasa Kudu, wanda sai salla ake ganinsa. Da damina ta kankama ta haifi ɗanta na fari, namiji, ta zo gida wankan jego kamar kowace mai haihuwar fari.

Bayan suna ne abin ya fara. Barci ya ƙaurace mata gaba ɗaya. Sai ta zauna ta ninke kayan jariri, ta warware, ta sake ninkewa, bakinta bai tsaya ba. Yaya da ko dariya sai ta rufe baki, ita ce take zabga magana har muryarta ta dishe. Daga nan ta ce akwai masu leƙenta ta zana. Daga nan kuma ta ce an sauya mata yaro, wannan ba nata ba ne. Inna ta yi hayaƙi, aka karɓo rubutu, aka kunna mata ruƙiyya a waya har caji ya ƙare. Ranar da na same ta tsaye a bakin rijiya tana magana da ruwa, na ce wa Baba ko a kai ta asibiti ko ni in ɗauke ta a bayana.

Likitan da muka gani bai yi mamaki ba ko kaɗan, kuma hakan ya sanyaya min rai. Ya ce ciwo ne sananne da yake kama wasu masu jego, yana jin magani, ana warkewa. Ya ce hanya biyu ce. Ko a kwantar da ita a asibitin ƙwaƙwalwa a Kano, jaririn ya zauna a gida, ko a gwada jinyarta a gida idan akwai mutum guda tsayayye da ba zai matsa daga kusa da ita ba, nas ta dinga zuwa tana dubawa. Ya ce in abin ya fi ƙarfin gida, dole a tafi Kano, ba ja-in-ja. Yaya ta ƙanƙame hijabina tana cewa kar in bari a tafi da ita. Kafin Baba ya buɗe baki na ce ni ce mutumin.

Haka Sista Asiya ta shigo rayuwarmu. Gajeriya ce, baƙa, mai ƙatuwar jaka, kullum takalmin robanta cike da taɓo don babur ba ya iya ƙarasowa ƙofar gidanmu in an yi ruwa. Ba ta da dogon bayani. Ƙwaya safe da yamma, a gabana za a haɗiye. Ba a barin Yaya ita kaɗai, ba a barinta ita da yaro sai da wani a zaune. Wuƙa, igiya, maganin ƙwari na gona, duk a kulle. Sai kuma abin da ta fi nanatawa.

"Barci, Juwairiyya. Rabin maganin nan barci ne. In ta samu ya ɗauke ta, ko Sarki ne ya zo kar a tashe ta."

Na kwashe keken ɗinkina na kai ɗakin Yaya, na shimfiɗa tabarmata a bakin ƙofa. Kuma wallahi muka fara gani. Ta fara barci, ta fara cin tuwo da kanta. Wata rana da hantsi ina ɗinki sai na ga ta miƙa hannu ta gyara wa yaron hula, ta daɗe tana kallonsa. Na ci gaba da taka keke, hawaye na ɗiga a kan hijabin mutane.

To a nan ne Gwaggo Kaltume take shigowa, kuma ku yi haƙuri in bakina ya yi kaifi. Yayar Baba ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goya shi, shi ya sa har yau da furfurarsa "Yuguda" take kiransa gatsau, shi kuma ya amsa da "na'am Yaya". Duk macen da ta haihu a danginmu Gwaggo ce ta wanke ta, kuma ba ta bari kowa ya manta. Da tukunyarta take zuwa, wata baƙar ƙatuwa da ta girme ni. Asuba da la'asar sai an tafasa ruwa har yana tsalle, a tsoma ganyen darbejiya a dinga fyaɗa wa mai jego a jiki, a bi ta da kunun kanwa mai zafi, haka har arba'in. Ga itacen damina jiƙaƙƙe, gidan kullum a turnuƙe kamar ana ƙona bola.

Sista Asiya ta roƙe ta da ladabi. Ta ce a rage zafin ruwan, a yi sau ɗaya, kuma sai Yaya ta farka don kanta. Gwaggo ta yi mata kallon sama da ƙasa, ta furzar da tuƙar goro.

"Ke 'yar nan, kin taɓa haihuwa?"

"Uku gare ni, Gwaggo."

"To ke kika sani da ɗanyen jikinki. 'Yar ƙanena ba za ta tashi da ɗanyen jego ba, ta kumbura, sanyi ya shige ta, a ce Kaltume ce ta yi wankan. Wace irin mai jego ce rana za ta fito tana munshari?"

Kullum da asuba sai mun yi. Ta zo ta tsaya a kaina da fitila, ni kuma in miƙe ƙafa in tare ƙofa. Ta kira ni mara kunya, fitsararriya, wadda boko ya ɓata. Inna tana jinmu daga ɗakinta, ba ta taɓa fitowa ba, don ita ma tsoron Gwaggo take tun tana amarya. Sai ga shi wata rana Gwaggo ta daina faɗan. Ta koma fara'a, har tana cewa in je in huta ita za ta zauna da Yaya. Ni kuma sakarya na ɗauka Allah ne ya shirye ta.

Yanzu bari in kawo muku Abdulganiyu, wanda wasunku kuke ta cewa in gaishe shi. Ɗan Bacirawa ne, yana da shagon kayan waya a Rijiyar Zaki, kusa da sabuwar jami'a. Dogo, mai saje, kullum cikin yadi mai guga kamar ba ya zama. An kawo gaisuwar iyaye tun kafin azumi, sa rana kawai ya rage. Ina son sa, ba zan yi muku ƙarya ba. In ya turo saƙon murya sai na saurara sau da yawa kafin in ba shi amsa. Tun da ciwon Yaya ya fara Inna ta ja kunnena: zazzaɓin jego ne, abin da za a gaya wa kowa ke nan. Na bi umarni. Duk sanda ya tambaya sai in ce da sauƙi.

Sai ya turo min: "Juwaira, Hajiya Maimunat za ta zo barka ranar Asabar ita da ƙawarta. Daga nan za su ga gida. Ki shirya fa, kin san Hajiya da ido."

Hajiya Maimunat ƙanwar mahaifinsa ce, kuma kowa ya san ma'anar irin wannan barkar. Bincike ne aka naɗe a zanin jariri. Za a ƙirga tukwane da ido, a shinshina ɗaki, a dubi yadda amarya take durƙusawa.

A kwanakin nan kuwa Yaya ta soma komawa baya. Barcin ya sake guduwa, idonta ya yi ja, ta koma ninke kaya. Na rasa gane kan abin, don da hannuna nake sa mata ƙwayar a baki in ba ta ruwa. Na kira Sista, ta ce tana wani ƙauye, Litinin za ta zo, in abu ya tashi in kira ta ko yaushe ne.

Ranar Asabar tun da safe muka share tsakar gida, aka zuba yashi a inda ruwa ya kwanta, aka shimfiɗa sabuwar leda a ɗakin Inna. Aka yi waina da miyar taushe, Baba ya yanka zabbi, Inna ta dama fura da nonon da aka tatso da safe. Na sa atamfata mai ruwan ganye da na ɗinka da kaina, riga da siket, na yafa farin mayafi, na sa kwalli kaɗan. Baƙin suka iso bayan azahar, Hajiya Maimunat cikin leshi ruwan zuma, zobba a yatsu uku, tana ɗage zani tana taka tsakar gidanmu kamar za ta kama da wuta. Na durƙusa na gaishe su, na kawo ruwa. Ta karɓi jaririn daga hannun Inna ta ce masha Allah, sannan ta tambayi mai jego. Inna ta ce barci take.

Da gaske kuwa, a ranar ne Allah ya sa gajiya ta kayar da ita, barci ya ɗan fizge ta. Na saki mata labule a hankali na koma wurin baƙi, ina jin sanyi a raina.

Ina zuba miya na ji ƙaurin hayaƙi. Na leƙa, sai ga tukunyar Gwaggo a kan murhu tana tafarfasa. Ashe ta ƙudurta sai baƙin birni sun ga cewa gidan Yuguda gidan al'ada ne, ana wanka a kan lokaci. Kafin in ajiye ludayi har ta shiga ɗakin, ta taso Yaya, ta ja ta bayan zana da ɗaurin ƙirji.

Ihun da na ji ba zan taɓa mantawa da shi ba.

"Za su dafa ni! Wayyo Allah, dafa ni za su yi!"

Yaya ta banko zana ta fito a guje, kai ba ɗankwali, ganyen darbejiya manne a kafaɗarta. Ta yi karo da bokitin ruwan zafi ya kife, kaji suka watse. Baƙin suka fito bakin ƙofa. Tana ganin jaririn a hannun baƙuwar fuska sai ta yi kanta.

"Ga su nan! Su ne suka sace min ɗa! Ɓarayi!"

Na yi tsalle na rungume ta ta baya, muka zube tare a cikin taɓo. Na cire mayafina na lulluɓe ta, na sa bakina a kunnenta ina kiran sunanta, ina cewa ni ce, Juwai ce, ba mai taɓa ki. Jikinta kamar garwashi, zuciyarta na bugawa a hannuna. Da na ɗago, Hajiya Maimunat ta riga ta dangwara wa Inna yaron, tana neman takalminta. Ƙawar tana ta "a'uzubillahi" a ƙasan maƙoshi. Ko waina ɗaya ba su ci ba. A zaure na jiyo Hajiya tana cewa, "Au, wannan ne zazzaɓin?"

Da na samu na shigar da Yaya ɗaki, ta riƙe fuskata da hannu biyu tana kuka.

"Juwai, me na yi miki kike ba ni guba?"

"Wace guba, Yaya?"

"Gwaggo ta ce in daina haɗiyewa. Ta ce in ɓoye a kumatu, in kin fita in tofa mata. Ta ce shi yake kashe min jiki, yana busar da nono."

Jama'a, ban san lokacin da na isa tsakar gida ba. Gwaggo tana tsugune tana kwashe ganyenta ko a jikinta. Na tambaye ta, a gaban Inna, a gaban Baba da ya shigo daga zaure. Ko musu ba ta yi ba. Ta kwance ƙullin bakin zaninta, ta watso min ƙwayoyin a ƙasa, duk sun jiƙe sun manne da juna.

"Ga tsiyarki nan. In ta sha wannan abin, ko tsayuwa ba ta iya yi a wurin wanka, sai layi kamar 'yar maye. Ni aikin da aka kira ni shi nake yi."

Abin da na gaya mata ba zan rubuta a nan ba, don akwai yara a cikinku. Baba ya daka min tsawa ya ce in ba yayarsa haƙuri. Na ce sai dai ya yanka ni. Tunda nake ban taɓa mayar wa Baba magana ba sai ranar.

Na kira Sista Asiya, ta iso kafin magariba, taɓo har gwiwa. Ta yi wa Yaya allura, ta zauna da ita har barci ya ɗauke ta. Ta dubi ƙwayoyin da na tsince a murfin kwano. A zaure ta samu Baba, ni ina tsaye daga ciki ina ji.

"Malam, jinyar gida ba ta gaza ba. Maganin ne ba a sha. Ku ba ni 'yan kwanaki, zan dinga zuwa kullum. A ɗauke tukunyar nan daga murhu. In ban ga sauyi ba, ko in na ga alamar za ta cutar da kanta ko yaron, ni da kaina zan raka ta Kano, ba sai kun roƙe ni ba. Amma yanzu in aka raba ta da ɗanta da 'yar'uwarta alhali ta fara dawowa, ba taimakonta aka yi ba."

Baba ya ce to, Allah ya yi albarka. Washegari da safe Yaya ta farka a natse. Ta sha koko, ta haɗiye ƙwaya, ta buɗe min baki da kanta ba tare da na tambaya ba. Ta ce min ta ji kunya, ta tuna wasu abubuwan, wasu kuma kamar mafarki.

Shi kuwa Abdulganiyu, shiru. Ina ganin yana kan layi, ina ganin ya buɗe gaisuwata, ba amsa. Sai bayan azahar saƙonni suka fara shigowa a jere.

"Juwaira me ya sa kika ɓoye min?"

"Hajiya ta tayar da hankalin gida. Ana cewa abin a jininku yake."

"Na sha wahala kafin na shawo kansu wallahi."

"Ga yadda za a yi. A kai ta asibitin Kano ta zauna har a gama biki. Ni zan ɗauki nauyin komai. In an tambaya sai a ce ta koma ɗakin mijinta."

Na rubuta masa cewa nas ɗin da take duba ta ta ce ba ta buƙatar kwanciya yanzu, kuma yau ma da sauƙi sosai.

"Ki gane mana. Ba maganar sauƙi ba ce. Mutanenmu za su cika gidanku ranar sa rana da ranar kamu. In ta sake fitowa fa? Ke ma Hajiya ta ce ki taho Bacirawa wurin ƙanwar Innarku a fara miki gyaran jiki, ki fita daga wannan yanayin. Asibiti ai shi ne wayewa."

Wayewa! Ku ji min mutum. Wallahi da don ta warke ne, ni zan riƙe mata jaka har bakin gadon, in kwana a barandar asibitin. Ba ni da faɗa da asibiti, can aka gano mana ciwon. Amma wannan ba jinya yake nema mata ba, ma'ajiya yake nema, inda za a jefa ta a rufe kamar tsohuwar katifa in za a yi baƙi. Na kife wayar.

Ban san ya riga ya kira Baba ba. Bayan la'asar Baba ya tara mu a tsakar gida, yana kallon ƙasa, ya ce ya yanke shawara gobe da safe mota za ta zo. Na tuna masa abin da ya ce wa Sista. Ya ce Sista ba ita za ta aurar masa da 'ya ba. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Sai kuma ga Gwaggo, Gwaggon da ta ce maganin asibiti tsiya ne, ta gyara zama tana gyaɗa kai.

"Ai gaskiyar yaron nan. Su likitoci aikinsu ne. A kai ta can su ji da ita, kar ɗaya ta ja mana asarar biyu. Wa zai auri ƙanwar mahaukaciya in magana ta fita?"

"Wa ya haukata ta?" na ce. "Wa ya kwance zani ya zubar da maganin?"

"Yuguda, kana jin ta ko?"

Baba ya ce in rufe masa baki. Na kira Sista, wadda ta zo ta koma tun da safe, wayarta a kashe, ƙauyen da take ba sabis. Na tura mata saƙo, na zauna ina kallon alamar isar saƙo guda ɗaya da ta ƙi zama biyu. Duk wannan abin a tsakar gida aka yi shi, kuma ƙofar Yaya labule ne kawai.

Da gari ya waye na je alwala na dawo, sai na tarar da ita zaune a bakin gado. Ta sa doguwar rigarta baƙa da hijabin da na ɗinka mata na suna, ta haɗa kayanta a jakar leda. Jaririn yana kan cinyarta, Inna na gefe. Yaya ta sunkuya tana shinshina wuyansa. Idonta tar, babu wannan jan.

"Juwai, na ji komai," ta ce. "Ki bari su kai ni. Ki yi aurenki. Ki dai dinga ɗauko shi ki nuna min a waya, kar ya manta ni."

Na ji kamar an caka min wuƙa a ƙirji. Matar da kwanan baya take cewa ba ɗanta ba ne, yau da ta gane shi, yau za a ƙwace shi daga cinyarta saboda kamu da lalle. Ina tsaye na ji ƙugin mota a bakin hanya. Baba ya leƙo ya ce a fito da ita, yaron nan da kansa ya zo.

Na zari hijabi na riga kowa fita. Abdulganiyu yana tsaye a ƙofar zaure cikin farin yadi, yana karkaɗe taɓo daga takalminsa da tsinke. Da ya gan ni ya yi murmushin nan nasa, ya sassauta murya.

"Juwaira, ki yi haƙuri. Don mu nake yi."

Ban gaishe shi ba. Na ce tambaya ɗaya ce da ni.

"Kun ce a jininmu yake. To mu ɗauka haka ne. In ka aure ni, na haihu, abin nan ya same ni, kuma a lokacin ana shirin bikin ƙanwarka, ya za ka yi da ni?"

Ya ce, "Haba, Allah ma ya kiyaye."

"Amin. Ya za ka yi da ni?"

Na ba shi lokaci, Allah shaida ne. Na tsaya ina roƙo a zuciyata ya faɗi ko ƙarya ce, zan karɓa. Idonsa kawai na ga ya zame daga fuskata ya sauka a kan motar, inda direba ya riga ya buɗe ƙofar baya.

Na ce, "Na gode. Ka gaida Hajiya. Kayan gaisuwarku za a aiko muku."

"Juwaira, tsaya mana, ke wai ba a yi miki..."

Na shige na bar shi. A tsakar gida na ci karo da su, Baba a gaba, Yaya a baya da jakarta, Gwaggo na riƙe da hannunta, Inna na rungume da yaron tana kuka ba sauti. Na durƙusa a gaban Baba kamar yadda aka koya min.

"Baba, auren da za a fitar da ita dominsa, yanzu na kashe shi da bakina. Ba sa rana, ba kamu, ba baƙin da za su gan ta. Sai a gaya min dalilin da ya rage."

Gwaggo ta saki salati ta ɗora hannu a ka. Baba ya daɗe yana kallona, har na sadda kai ina jiran mari. A waje muka ji an rufe ƙofar mota da ƙarfi, ta tashi, ƙararta ta yi nisa.

Baba ya juya ya karɓi jakar daga hannun Yaya, ya jefa ta cikin ɗaki. Bai kalle ni ba da ya yi magana.

"Yaya Kaltume, ki haɗa tukunyarki, in an jima zan sa a kai ki gida." Sannan ya ɗauki fartanyarsa. "Ke kuma, tunda kin iya yanke wa kanki hukunci, kar ki sake kawo min maganar wani namiji a gidan nan."

Ya fice gona. Har yanzu da nake rubuta muku bai amsa gaisuwata ba.

Yaya ta zauna a bakin ƙofa, Inna ta miƙa mata ɗanta. Ni kuma na shiga bayi, na toshe bakina da hijabi don kar ta ji, na yi kukan Abdulganiyu har na gode Allah.